Mutumin da Ake Juya Maganarsa

A garinmu da ke gindin duwatsun Neuquén, idan baƙo ya sauka da sandar fatsa yana tambayar wa ya fi kowa sanin kogi, gidan Belisario Antileo za a nuna masa. Sannan a ƙara masa da cewa, "Ka je ka gaishe shi, amma duk abin da ya faɗa maka, ka juya shi."

Ba sharri ake yi masa ba. Shekara arba'in da ɗoriya Belisario ya yi yana kai baƙi kamun turuca, wani kifin ruwan sanyi, kuma a tsawon shekarun nan babu ɗan garin da ya tambaye shi inda kifi yake ya samu amsar kirki. In ka ce masa wane ƙuda suke ci yau, wato ƙugiyar nan da ake yi wa ado da gashin zakara da zare har ta yi kama da ƙwaro, sai ya shafa gemu ya ce babba ja, alhali ƙaramin baƙi ne a bakin zarensa. In ya ce ka sammako, to da yamma ake yi. Ko baƙin da suka ɗauke shi aiki, ta hanya mai kwana-kwana yake kai su, ya dawo da su ta wata, yadda ko sun kwana suna tunani ba za su gane wurin ba. Kuma yana yin ƙaryar nan fuska a sake, da ladabi, har ka yi masa godiya.

Yana da dalilinsa. Yana saurayi ya taɓa nuna wa wani mutumin birni gurbin da mahaifinsa ya nuna masa, wato inda kifi ke taruwa a kogi, saboda mutumin ya yi masa kirki. Da shekara ta zagayo ya tarar da motoci goma sha biyu a wurin, ana gasa nama, ana jefa gwangwani a ruwa, kifi kuwa an jere su a kan ciyawa ana ɗaukar hoto. Tun daga ranar ya ɗinke bakinsa. Mutum ɗaya ya rage yana faɗa wa gaskiya, matarsa Zulema, wadda ba ta taɓa riƙe sandar fatsa ba. Tana kwaɓin fulawa yana ba ta labarin kowane gurbi, tana cewa "to" ba tare da ta ɗago kai ba. Da ta rasu shekara takwas da suka wuce, sai ya zamana gurbi goma na wannan kogi babu inda suke sai cikin kan tsoho ɗaya.

A watan Nuwamba, ranar da aka buɗe kamun kifi, Belisario ya zauna a bakin ruwa zai zura zare a idon ƙugiya, ya kasa. Ya juya wa rana baya, ya lasa zaren, ya sake gwadawa, ya kasa. Yanar ido ta riga ta rufe masa idon dama, na hagun ma ya fara hazo. 'Yarsa Mirta da ke aikin jinya a birni ta zo ta gani, ba ta tsaya shawara da shi ba.

"Baba, watan Mayu da an rufe kamun kifi, kafin sanyi ya shigo, zan zo da mota. Ba za ka ƙara yin sanyin nan kai kaɗai ba."

"Wa ya ce miki ni kaɗai ne? Ga kaji."

"To kajin su kai ka asibiti mu gani."

Bai yi gardama ba, ya san ta gado kafiyarsa. Abin da ya hana shi sukuni daban ne. In ya shiga motar nan, wa zai san cewa a Gurbin Doki manyan kifi suna kwanciya ƙarƙashin gaɓar da ruwa ya rarake, ba a tsakiya inda kowa ke jifa ba? Wa zai san makon da korayen tsutsotsi ke fara zubowa daga itatuwan bakin rafi? Ya yi shekaru yana gadin abin nan kada a ɓata shi, bai taɓa tunanin cewa shi da kansa zai tafi da shi ya binne a wani bene a birni ba.

Ya zauna ya auna mutanen garin ɗaya bayan ɗaya, ya tsaya a kan Nélida Arriagada. Mace ce 'yar shekara arba'in da wani abu, tana da akori-kura da kwalekwalen roba, kuma ita kaɗai ce cikin masu kai baƙi ya taɓa gani ta jiƙa hannu kafin ta taɓa kifi, ta riƙe shi a ruwa har ya farfaɗo sannan ta sake shi. Matsalar ɗaya ce. Shekara ashirin baya, ranar da ta samu baƙinta na farko, ta zo da rawar jiki ta tambaye shi, shi kuma ya tura ta wani yashi da ko kwaɗo ba ya zama. Baƙin suka wuni suna jifa a banza, ba su sake neman ta ba.

Ya same ta a shagon Anselmo, inda masu kogi ke taruwa da safe sayen burodi da ganyen mate, shayin ƙasarmu da ake zuƙa daga ƙoƙo. Ya cire hula, ya jira ta gama lodin kayanta.

"'Yata, ina da magana. Gurbin Doki, ki je bayan la'asar in iska ta taso. Ki ɗaura ƙudan gashin zomo mai kama da ƙaguwa, mai ɗan nauyi, ki jefa sama da gaɓar, ki bar ruwa ya kai ta ƙarƙashi. Kada ki ja, ki bari kawai."

Nélida ta dube shi, ta dubi Anselmo, duk suka fashe da dariya.

"Don Beli," in ji Nélida, da sunan girmamawar da ake kiransa da shi a gari, "kai ba ka gajiya? Da furfurata za ka sake tura ni yashi?"

"Wallahi gaskiya nake faɗa miki."

"Kai, har da rantsuwa yau!" in ji Anselmo yana buga kanta. "To lallai akwai abin da yake ɓoyewa a sama. Nélida, ki yi sama, da sassafe, da ƙuda mai siffar fara da ke yawo a kan ruwa."

Belisario ya mayar da hularsa. Shi ma ya yi 'yar dariya, saboda bai san me zai yi da fuskarsa ba.

Duk da haka ya sa rai. Kwana uku a jere yana tafiya Gurbin Doki da sanda, tafiyar da a da yake yi cikin rabin sa'a yanzu ta koma sa'a biyu. Yakan hura wuta tsakanin duwatsu, ya ɗora buta, ya yanka burodi da cuku rabon mutum biyu. Mate ba abin shan mutum ɗaya ba ne, zagayawa yake daga hannu zuwa hannu, amma haka ya riƙa zubawa yana shanyewa, yana sauraron ko zai ji ƙarar mota. Iska ta taso kamar yadda ya faɗa. Bai iya ganin kifin ba, amma yana jin su suna tsotsar ƙwari a gindin gaɓa, cap, cap, babu mai damun su. A rana ta uku ya ji kaɗaici irin wanda bai ji ba ko ranar da aka binne Zulema, domin a ranar can aƙalla mutane sun yarda cewa yana cikin baƙin ciki.

Ya sake gwadawa da wasu. Ya faɗa wa Anselmo, ya faɗa wa malamin makaranta, har wani direban babbar mota da ya tsaya shan mai ya tare ya faɗa masa. Abin ya zama abin nishaɗi a gari. Aka ce tsoho ya sake salo, yanzu shi ke bin mutane da ƙaryar har gida. Ni ban ga laifinsu ba, shi ya koya musu, kuma sun iya karatun da kyau.

Wata safiya a ƙarshen Maris yana zaune a bencin ƙofar shagon, ya ji Nélida a ciki tana ƙorafin cewa ruwa ya ja baya, manyan kifin sun ɓace. Ta ce jiya ta wuce ta bayan tsohon garken tumaki, ta ga wani ɗan lungu da ruwa ke juyawa, amma ba ta tsaya ba. Wurin nan shi ne na farko cikin goman, wanda Belisario bai taɓa kai ko baƙo ɗaya can ba. Ya buɗe baki zai ce ta koma, sai ya rufe. Ya daɗe yana murza hularsa a kan gwiwa. Sannan ya leƙa ta ƙofa, ya ɗaga murya da sauri fiye da yadda ya kamata.

"Bayan garke? Kada ki ɓata manki. Ruwan gwiwa ne, babu komai sai laka. In ma dole sai kin je, ki je da hantsi, da babban ƙuda mai ƙyalli, ki tsaya ta gefen garken ki yi ta ja da sauri."

Ya ji Anselmo ya yi gyaran murya. Nélida ta ce, "To, na gode, Don Beli," da wata murya mai zaƙi, ta ɗauki burodinta ta fita.

Washegari rana na shirin faɗuwa, akori-kurarta ta tsaya a ƙofar gidansa, kaji suka watse. Ta shigo da rigar ruwanta tana ɗiga, ta dangwara masa waya a gaban hanci.

"Duba nan, tsohon maƙaryaci! Laka ko? Ruwan gwiwa ko? Da yamma na je, ta ɗaya gefen, da ɗan ƙaramin baƙi, ko motsa shi ban yi ba. Kifi tsawon hannuna har kafaɗa! Shekara ashirin kana ɓoye mini, yau na kama ka!"

Ya kawo wayar kusa da idon hagu. Abin da ya gani wani dogon abu ne ruwan zuma a cikin hazo. Ya haɗe rai iya ƙarfinsa.

"Wa ya aike ki wurin? Ku 'yan zamani ba ku da kunya."

"Kai ka aike ni mana, da bakinka! Ka tsufa, Don Beli, ƙaryarka ta fara yoyo."

"Kin sake shi?"

"Ka taɓa ganin na kashe?"

Ya juya mata baya yana gyara buta a kan murhu, ya daɗe a haka. Ya zuba mate ya miƙa mata. Ta zuƙe a tsaye, ta mayar masa da ƙoƙon ta ce na gode, wanda a wurinmu ke nufin ya ishe ta. Baƙi na jiran ta. Daga bakin ƙofa ta waiwayo, har da ɗan tausayi a muryarta.

"Kada ka ji haushi, tsoho. Ba zan faɗa wa kowa ba, kuma zan kula da wurin."

Yana so ya ce ta zauna. Yana so ya gaya mata cewa kakannin kifin nan ya sani, cewa mahaifinsa ma bai san lungun ba, shi ya gano shi ranar da aka haifi Mirta. Amma da zarar ta gane kyauta ce, sauran taran sun tafi, domin ba za ta ƙara sanin inda za ta juya maganarsa ba. Sai ya daka mata tsawa ya ce ta rufe masa ƙyaure kada kaji su fita.

Motar ta tashi, ƙararta ta bi hanya har ta ɓace. Mako takwas suka rage masa, da gurbi tara, kuma kowanne sai ya bari an sace shi daga hannunsa, an yi masa dariya a shagon Anselmo. Ya koma ya zauna a bakin murhu, ya fara shirya ƙaryar gobe, yana maimaita ta a fili a hankali ko za ta yi kama da ta da.