Soket ɗin Bayan Ƙofa

Ni injiniyan lantarki ne, kuma abin da ya fi ƙona mini rai a labarin nan ke nan. Shekara da shekaru ina wannan aiki a Manchester, amma batirin mota ɗaya ya mai da ni sakarai.

Motar irin mai ɗaki ce a ciki, da gado da bayan gida. Saboda mahaifiyata na saye ta. Tun da Hajiya ta dawo wurinmu a Old Trafford, ciwon suga ya hana ta doguwar tafiya. Ba ta rabin awa ba ta nemi kewayawa ba, kuma ko za a yanka ta ba za ta shiga bayan gidan bakin babbar hanya ba. Ga yayanta, Kawu, kwance a Lozells can Birmingham, asibiti sun sallamo shi gida. Su biyu suka rage a ɗakinsu. Na yi mata alkawarin kai ta wurinsa ranar Asabar.

Sai batir ya fara tsiya. Tsohon mai motar ya haɗe batirin inji da na ɗaki, in ɗaya ya mutu sai ya ja ɗayan. Don haka na jawo waya daga soket ɗin bayan ƙofar falo zuwa cajar motar. Kullum na dawo aiki sai na leƙa, koriyar fitila na ci, caji na shiga. Amma in na ɗora mita, batir kamar wanda ya kwana da yunwa. Na zare fiyus ɗaya-ɗaya ina neman mai shan wutar. Na goge kawunan batir, na cire rediyo, na kashe firij. Hitar ɗumama motar kaɗai na bari, don kar sanyi ya fasa bututun ruwa. Har sabon batir na saka. Soket kuwa ban taɓa waiwayarsa ba, ai yana aiki, da idona nake gani.

Ranar Asabar tun asuba Hajiya ta shirya, ta dama wa yayanta kunun gyada ta zuba a fulas. Na murɗa makulli. Ƙas, ƙas, shiru.

Matata ta ce, "Mu tafi a ƙaramar mota mana, a dinga tsayawa."

Na daka mata tsawa. "Minti goma kawai. Aikina ne fa."

Minti goman nan shi ya kai mu ƙarfe sha ɗaya, sai da maƙwabci ya dawo ya ja mini wuta daga motarsa. Muna tsakiyar hanya waya ta shigo, Kawu ya cika. Ban faɗa wa Hajiya ba, takalman da ta gani jibge a ƙofar gidan Kawu su suka faɗa mata. Kunun nan da sauran zafinsa. Na tsani kaina ranar, har yau ban gama ba.

Bayan sadakar uku muka dawo. An idar da isha'i ina zaune a falo, sai ga Hajiya tana dafa bango. Ta sunkuya da ƙyar bayan ƙofa, ta kashe soket.

Na ce, "Hajiya, me kike yi?"

"Kayan wuta nake kashewa. In suka kawo ta da ƙarfi fa? Ƙanwarka na barci a ciki."

Ƙanwata ta rasu a gobara a Kano ina ɗan makaranta, ranar da aka dawo da wuta da ƙarfi.

Na dubi matata. Ta sunkuyar da kai. Ashe wata uku ke nan kullum ta dawo aiki sai ta bi soket-soket tana kunnawa kafin in shigo. Ta ga ruɗewar Hajiya tun tuni, nauyin faɗa mini ya hana ta, kuma ba ta san wayar mota ce ba. Batirin nan cajin awa biyu yake samu a rana, daidai awannin da nake tsaye a kansa ina duba shi.

Hajiya ta miƙe tana gyara mayafi. Ta ce, "Asabar ɗin dai za mu je wurin Yaya ko? Ka gyara motar?"

Na ce, "Na gyara, Hajiya."