Yadda Malam Gambo Ya Adana Faifan Rifkatu

Rifkatu ɗiyar Istifanus tela ce, a Sabon Garin Gusau aka haife ta. Ɗinki ya gagare ta, girki ya gagare ta, sai ubanta ya ce ta je ta koyi malanta, ko banza alli ba ya ƙonewa.

A 1998 kwalejinsu ta tura ta koyarwar gwaji a wata sakandare a Bungudu. Sharaɗi shi ne kowa ya haɗa kayan koyarwa da hannunsa, a kansu za a ba da maki, wanda ya faɗi ya maimaita shekara. Abokan karatunta suka kama yanka kwali suna zana hanta da huhu. Rifkatu ta ce ita shafin intanet za ta yi, alhali makarantar ko lantarki babu.

Akwai wani shago mai kwamfuta a Sabon Gari, inda ake buga wasiƙun neman aiki. Wata uku duk Asabar tana can, tana dannawa da yatsu biyu. Ta tsara darasin duwatsu: ka taɓa sunan Kwatarkwashi dutsen ya fito, ka taɓa Tsafe nata su fito. Ta zuba duka a ɗan baƙin faifai mai kusurwa huɗu. Guda ɗaya tak ta yi.

Ƙa'ida ce a miƙa aiki ta hannun akawun makaranta, Malam Gambo, wanda a shekara ashirin da shida bai taɓa ɓatar da takarda ba.

Ta ce, "Baba, a lallaɓa shi, ba ya son zafi."

Ya ce, "Ɗiyata, tun ba a haife ki ba nake riƙon kayan gwamnati."

A wurin Malam Gambo, abin da ba a huda ba bai shigo ofis ba. Ya buga wa faifan hatimi, ya sa hannu. Abin huda takarda ya kasa, sai ya gasa ƙusa a murhun mai shayi ya ɓula shi tsaf, ya zura igiya ya ɗaure a fayil.

Ranar da Malam Haliru, mai ba da maki, ya zo daga kwaleji, aka kawo fayil. Rifkatu ta ga ramin, ta ga shekara guda ta tafi. Ta zauna ba a ce ta zauna ba.

"Malam, an kashe shi. Ba zai buɗu ba har abada."

Malam Haliru bai taɓa taɓa kwamfuta ba, kuma ba ya so a sani. Tun safe yake fargabar kada a ce ya kunna wani abu. Ya juya faifan, ya ja igiyar ya ji ta da ƙarfi.

"Wa ya ce a buɗe? Ga hatimi, ga kwanan wata. Malam Gambo, kai ka duba shi?"

"Ciki da waje, ranka ya daɗe. Har leƙawa na yi ta ramin."

"To, aiki ya yi."

Ya ba ta saba'in da takwas. Ta buɗe baki za ta yi gardama, ta tuna maimaita shekara, ta rufe.

Aka ba ta aiki a Tsafe, ta yi ta koyar da duwatsu a allo har ta yi ritaya. Tana cewa shafin nan ya yi kyau ƙwarai. Babu mai ƙaryata ta, tun da ban da ita da mai shago ba wanda ya taɓa ganinsa.