Gidan Inna a Cikin Tabarau

Aikin da ya kai ni Dubai a 2017 ba wani abin a-zo-a-gani ba ne. Shafukan intanet nake haɗa wa 'yan kasuwa: mai taya, mai turare, mai gidan abincin da ke son hoton shinkafarsa ya fi shinkafar kyau. Ofishinmu wani sito ne a unguwar Al Quoz, tsakanin masu walda da masu gyaran na'urar sanyi, an raba shi da katako an zuba mana tebura. Ni kaɗai ce mace, ni kaɗai ce Bahaushiya, kuma ni ce mai faɗa. Wannan ko ogana, wani ɗan Lebanon, zai ba da shaida.

Daga baya kamfanin ya karkata zuwa wani aiki. Masu dogayen benaye suna son sayar da gida tun ba a haƙa tushensa ba, mu kuma sai mu gina shi a kwamfuta, har da labule da kofin shayi a kan tebur. Mai saye zai sa wani ƙaton tabarau da ke rufe ido ruf, ya riƙe maɓalli a hannu, sai ya tsinci kansa a tsakiyar falo. Ranar da na fara sawa na leƙa ƙasa ta baranda, sai na ja da baya, na kama salati. Ni na zana barandar nan da hannuna, na kuma san a kan simintin sito nake tsaye, amma jikina ya ƙi yarda da ni.

Akwai wani dattijo ɗan Damagaram mai shagon tura kaya a unguwar Al Ras, ta hannunsa nake aika wa iyayena tsaraba Zariya. Baba nake ce masa, shi kuma ɗiyata. Ni na yi masa shafin shagonsa, kuma bai taɓa buɗe shi ba. Duk bayanin aikina da na yi masa, abin da ya riƙe shi ne, "Kina gina gidan da ba a kwana ciki." Sai ya yi dariya ya tura yaron shago ya sayo mini karak, shayin madara mai kayan ƙamshi.

A shekarar annoba, lokacin da jirage suka daina tashi, mahaifiyar Baba ta rasu a Damagaram. Ta waya ya ji, ta waya ya karɓi gaisuwa, yana zaune a ɗakinsa shi kaɗai. Da damina ta yi nisa kuma ruwa ya rushe gidanta, don ginin ƙasa ne kuma babu mai kula da shi. Da aka sassauta kulle na je yi masa ta'aziyya, na tarar ya rame har hularsa ta yi masa yawa.

"Ɗiyata," ya ce, "ban ga gawa ba, ban ga kabari ba, yanzu ko gidan ma babu. Ko na koma, ina zan tsaya in san ta tafi? Zuciyata ta ƙi yarda." Ya juya carbi. "Wannan gidan naku da ba a kwana ciki, ana yin na ƙasa?"

Na ce ana yi, tun ban san ko ana yi ba.

Na sha wuya. Duk kayan da ke cikin kwamfutarmu na marmara ne da gilashi, babu randa, babu turmi, babu katangar da hannun magini ya bar shatinsa a jiki. Komai sai da na ƙera daga tushe. Ƙanwar Baba ta turo tsofaffin hotunan suna da na biki, ina leƙa bayan mutane ina tsintar bango da ƙofa. Shi kuma ya zana mini fasalin gidan a bayan kwali, yana gyara mini ta waya.

"A'a, rijiyar ba nan take ba. Matsar da ita kusa da bishiya. Wala, haka."

Mun yi faɗa a kan tsayin zaure har na ce masa in ya fi ni iyawa ya zo ya karɓi kwamfutar. Ya ce da ya san kan abin da tuni ya sallame ni. Ɗakin mahaifiyar ne ya fi cin lokacina: gadon ƙarfe mai rumfa, jeren kwanuka, buzun salla, hasken da ke shigowa ta 'yar taga. Ina dawowa masaukina a unguwar International City in ci gaba, idona na ruwa. Ina son ɗakin nan, ba zan ɓoye ba, ban taɓa yin aikin da na so kamarsa ba.

Ogana ya ba ni aron sito ranar wata Asabar da hantsi, ba kowa. Baba ya zo cikin farar shadda kamar mai zuwa ɗaurin aure. Na ɗaura masa tabarau, na nuna masa maɓallin da zai danna ya yi gaba, na koma kujerata inda nake ganin duk abin da yake gani a allon kwamfuta. A cikin tabarau na ajiye shi a ƙofar gidan, a kan titi.

Ya juya hagu, ya juya dama. Ya ɗaga kai ya dubi indararo, ya miƙa hannu zai taɓa katanga, hannun ya kama iska. "Allahu Akbar," ya ce a hankali. "Ikon Allah. Har da tsagar nan." Ya danna ya shiga zaure. A bakin ƙofar da ke kaiwa cikin gida sai ya tsaya, ya tuɓe takalmansa a kan simintinmu, ya gyara murya.

"Salamu alaikum."

Na ga mutane da yawa sun shiga gidajen da na gina, Larabawa, Turawa, Indiyawa, har da namu. Kowa faɗawa yake yi kai tsaye ya nufi kicin ko banɗaki. Ban taɓa tunanin sa murya a gidan nan ba. Ya sake yin sallama, ya ƙara, ba abin da ake ji sai ƙarar injin masu walda daga maƙwabta.

"Baba, danna ka shiga," na ce. "Ba kowa ai."

"Na sani," ya ce. "Amma ban taɓa shiga gidan nan ba a amsa mini ba. Khalas, shi ke nan, ɗiyata, kin yi ƙoƙari. Cire mini."

Ya kai hannu zai zare tabarau. Raina ya ɓaci, tausayi kuma ya kama ni, duka a lokaci guda. Ban yi shawara da kowa ba, har da kaina. Na ja mayafina na ɗaga murya yadda matan gidanmu ke yi daga bakin murhu.

"Wa alaikumus salam! Maraba, maraba. Shigo mana, ka tsaya a waje kamar baƙo?"

Hannunsa ya tsaya. Ya sauke shi a hankali, ya lalubi maɓalli ya danna.

Na bi shi a allo yana zaga tsakar gida. Ya leƙa rijiya, ya tsaya ƙarƙashin bishiya, ya sunkuyar da kai a inda reshe ya sauko, alhali babu abin da zai buge shi. Yana ta ambaton Allah, ni ma ina yi. Dattijo ne tsaye ba takalmi a cikin sito a ƙasar Larabawa, amma wallahi a Damagaram yake, ni ma da nake kallo sai da na ji kamar ina jin ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa.

Sai ya juya ya fuskanci ɗakin mahaifiyarsa. Na sa asabari a ƙofar, dannawa ɗaya zai ɗaga shi ya ga gadon da kwanukan. Na matsa gaba a kujera. Bai danna ba. Ya tattara rigarsa ya durƙusa a bakin ƙofa, gwiwa biyu a ƙasa.

"Inna, ina kwana? Ni ne. Na zo."

Wannan gaisuwar ba tawa ba ce, ba ni da hurumin amsa ta. Ya jira, kansa a ƙasa, ya daɗe yana jira. Sannan na ga kafaɗunsa sun fara rawa, hawaye na fitowa ta ƙarƙashin tabarau suna bin gemunsa.

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un," ya ce. "Ta tafi. Da tana nan, da ta kira ni ciki."

Ya ɗaga hannu ya yi mata addu'a mai tsawo, ina cewa amin daga kujerata. Da ya shafa, ya zare tabarau da kansa ya miƙo mini, ya tambaye ni inda takalmansa suke.