Sunan Da Ban Goge Ba

Ni mutumin Aujara ne. A aji biyu na sakandare na ajiye biro, na shigo Dutse tana sabuwar hedikwata, na zauna gyaran rediyo a bakin tasha. Ban da arziki, amma ba wanda ya taɓa kirana ɓarawo.

Da intanet ta shigo, na koyi haɗa akwatin nan mai ƙaho da ake ce wa rauta, mai watsa ta cikin gida ba tare da waya ba. Aikin ba wuya. Ka soka waya, ka shiga ta kwamfuta, ka ba akwatin suna, ka sa lambar sirri. Sai dai yana son tsakiyar gida, shi ya sa ni nake wuce zauren da ko ƙanin maigida sai ya tsaya ya yi sallama. Ana ce min Injiniya, kaina na fashewa.

Da ƙaramin abu na fara. In gama aiki in bar wani saiti a karkace, don a sake nemana. Da na ga ba mai ganewa, sai na koma cewa wuta ta ƙona akwatin, in tafi da shi, in sa a sayi sabo.

Alhaji Buba, dillalin shanu a Yalwawa, shi ma ya kira ni. Na tambaye shi sunan da za a sa wa akwatin. Ya ce, "Injiniya, sa min Inna Jebbu. Mahaifiyata ce, bara ta rasu. Duk wanda ya buɗe ya gani ya yi mata addu'a."

Na sa. Damina na sauka aka yi tsawa, na je na ce masa akwati ya ƙone, alhali wayar akwatin ce kawai ta saki. Ya ce, "Allah ya sa iyakarta ke nan. Tafi da shi ka yar."

Na sayar wa wani mai shagon buga takardu. Akwai ɗan rami a bayan akwatin, ka danna shi da tsinke komai ya goge. Ni da nake koya wa mutane wannan, ni ne ban danna ba, don ina sauri. Har yau in na tuna sai in ji kamar in mari kaina.

Rannan Alhaji ya je shagon da kwamfutarsa a buga masa takarda. Yana buɗewa ya ga sunan uwarsa a matsayin sunan intanet ɗin shagon. Ya kai ni ƙara.

Shari'ar Musulunci ake yi a jihar, mai yanke hannun ɓarawo. Tun daga ofishin 'yan sanda har kotu hannuna na dama nake kallo. Alƙali ya tambayi Alhaji, "Ɓalle ƙofa ya yi, ko kai ka miƙa masa?"

"Allah gafarta Malam, da hannuna na ba shi. Har ruwa na sa aka kawo masa."

Alƙali ya ce wannan cin amana ne, ba satar da ake yanke hannu ba. Aka yi min bulala, aka kai ni gidan yari. Amanar da na ci ita ta bar min hannuna, kuma ita ce ta kashe ni.

Na fito, na tuba, na je neman gafara. Alhaji ya ce ya yafe, amma a kan dakalin waje ya faɗa min. Yanzu a garin nan ba gidan da nake wuce zaurensa. Waɗanda ba su kai ni iyawa ba su ake kira, ni kuwa na koma rediyo, wadda ba mai kawowa.

Ku samari masu taɓa na'ura, ku ji ni da kyau. Duk wanda ya ce maka "shigo" ya riga ya biya ka da abin da ya fi ladan aikin. Hannuna na nan, lafiyarsa lau. Ba mai miƙa masa komai.