Me Ya Sa Likita Ta Canza Wa Barira Magani?

Wata rana wani dattijo, Malam Haladu, ya shiga asibitin ƙwaƙwalwa, 'yarsa Barira na biye da shi, kwalin magani na aljihunsa. Faɗa ya zo yi wa likita.

Barira na da ciwon da likitoci ke kira bipolar. In ya motsa, sai ta yi kwanaki ba barci, tana zuba surutu, tana rabar da kayanta. In ya lafa kuma, ko gaisuwa ba ta iya amsawa.

Shekara uku suna yawo, daga rubutu zuwa hayaƙi, kafin asibiti ya ɗora ta a kan wani magani, valproate. Barira ta dawo Barirarta. Ta koma kan keken ɗinkinta, har ta yi aure.

Shi ya sa kan Malam ya ɗaure da ya ji wai an canza mata shi.

Ya je gidanta ya tarar da ita kwance da rana tsaka, jiki ba ƙwari, ko ƙamshin miya ba ta so. Ya tambaye ta dalilin canjin, ta sunkuyar da kai. Ya tambayi mijin, ya sosa ƙeya ya ce haka likita ta ga ya dace.

Haka ta ga ya dace? Maganin da aka sha wuya kafin a samu?

Bai yi wata-wata ba, ya wuce kemis ya sayo tsohon, ya ajiye mata ya ce ta koma kansa.

Bayan mako guda mijin ya kira shi. Barira ta daina barci.

To ga su yau a kan bencin jiran likita. Kun san halin bencin asibitinmu, kowa likita ne. Wani magidanci mai irin ciwon Barira ya fito da nasa maganin, lithium, ya ce shi kam sai an riƙa ɗibar jininsa ana aunawa. Wata mata ta ce ita allura ake mata wata-wata. Na ƙarshen benci ya ce nasa barci yake sa shi, ga ƙiba.

Ciwo ɗaya, magani kala-kala.

Malam ya ƙara rikicewa. Ko dai canki-canka likitocin nan ke yi da 'ya'yan mutane?

Da layi ya zo kansu, ya dire kwalin a kan tebur ya zazzage wa likita duk abin da ke ransa. Likitar ta bar shi ya gama. Sannan ta dubi Barira, ta tambaye ta a hankali ko ta yarda a gaya wa Baba.

Barira ta ja mayafi ta rufe fuska, ta gyaɗa kai.

"Baba, juna biyu gare ta, wata uku. Wannan da kuka sayo yana iya illata jariri a ciki. Shi ya sa muka canza shi tun kafin ta samu."

Malam ya juya ga 'yarsa.

"Kin sha?"

"Ban sha ba, Baba. Amma sabon ma na ajiye shi. Kun ce wannan, likita ta ce wancan, ban san wa zan bi ba."

Kwana takwas ke nan ba ko ɗaya a cikinta.

Cikin fari ne. A gidanmu wace 'ya ce za ta buɗe baki ta ce wa mahaifinta tana da ciki? Wane suruki ne zai faɗa?

A ranar aka ba Barira gado.

Malam ya zauna a bakin ɗakin, hula a gwiwa, tsoro ya cika shi, yana neman wanda zai ɗora wa laifi. Ita ta yi kunyar da shi ya koya mata. Mijin ya yi kawaici. Shi kuma so ne ya kai shi kemis.

Ya duba, ya sake dubawa, bai ga mugu ko ɗaya ba. Amma ga 'yarsa a kwance, kuma saura ƙiris ya cutar da jikansa da hannunsa.

Darasi: Maganin bipolar ba ɗaya ba ne. Likita na duba jikin mutum, da lafiyar ƙodarsa, da ko mace na shirin haihuwa, kafin ya zaɓa. Wanda ya yi wa maƙwabcinka aiki, ko ya yi maka bara, ba lallai ya dace da kai bana ba. Kada ka canza, kada ka daina, sai da sanin likita. In kunya ta hana ki magana, ki kai mutum gaban likita, likitan ya faɗa masa a madadinki.

Ka tura wa duk gidan da ka san ana jinyar irin wannan. Wataƙila akwai kwalin maganin da ke jiran a buɗe shi yau ba da sanin likita ba.