Kwando Daga Hawa Na Huɗu

Jama'ar unguwar Shubra, a gyara tsayuwa, Sarauniyar Hawa Na Huɗu ta leƙo!

Ban san sunanta ba. Tsohuwa ce 'yar siririya cikin baƙar riga, tabarau ɗaure da zare, tana zuro kwando da igiya daga baranda zuwa wurin mai burodi. Rediyo na gefenta, 'yan majalisa sai ɗaga murya suke kan soke dokar tsohuwar haya, wadda ta hana masu gidaje ƙara kuɗi ko korar 'yan haya. Da an ambaci masu gidaje sai igiyar ta tsaya, kwandon ya yi ta rawa a saman kaina.

Mai burodi ya ce tun da aka fara muhawarar ba ta taka ƙasa ba, kada ta dawo ta tarar an garƙame mata ƙofa da kwaɗo. Ina jin nan aka kawo ta tana amarya. Uwata ma a irin hayar take.

Na ɗaga murya: "Hajja, sauko ki sha iska, ni zan tsare miki ƙofa!"

Ta dube ni sama da ƙasa.

"Ɗan mai gidan ma haka ya ce. Sa min burodin, ka matsa."