Ƙullin Magani a Wuyan Bindiga

Sana'ata ta farko fata ce. Ina bin ƙauyuka ina sayen ƙiraga da fatun awaki in kawo Maraɗi, tun garin yana can cikin kwari, ruwa bai koro mu tudu ba. Ta hanyar fatar bindiga ta shigo hannuna. Tsofaffin bindigogin soja ne da Nasara suka daina aiki da su, suna sulalowa daga arewa cikin kayan raƙuma. Muna ce musu masu sakata, saboda ƙarfen da ake ɗagawa a ja baya ya yi kama da sakatar ƙofa. Ka ja, kwanson harsashin da ka harba ya fita, ka sa wani harsashi, ka tura, ka kwantar. Wanda ya saba da adaka, wadda sai ya ɗura albarushi ya cusa tsumma ya daka da sanda, in ya ga wannan sai ya riƙe baki.

Kumandan, Nasaran da ke mulkin ƙasar, ya yarda da adaka in kana da takarda. Mai sakata kuwa, in gardi, dogarin Kumandan, ya same ka da ita, bulala ce da gidan kaso. Don haka nakan kai wa wani maƙeri a Tsibiri ya rage mata tsawon hanci, ta ji daɗin shiga sarƙaƙiya, ta kuma ɓoyu cikin ƙunshin ɗanyar fata. Ban taɓa ganin gardin da ya jure warin nan har ya kwance ƙunshi ba.

Ina da doka ɗaya: duk wanda na sayar wa, sai na raka shi farautarsa ta farko. Dalilina na kasuwa ne. In ta ƙi tashi a inda ba na nan, sunana ne zai lalace.

Akwai wani tsohon maharbi, Azne, a wata unguwa bayan Jiratawa. Shi ne sarkin bakan wurin, kuma fatun mesa da na barewa da ya riƙa ba ni su suka fara tsayar da ni da ƙafata. Ina ce masa Baba, yana ce mini ɗan birni. A daminar wata shekara wani ƙaton gadu ya addabi fadamarsu. Ya tone dankali, ya tumɓuke rogo, ya farke wa karnukan tsohon guda biyu ciki. An harbe shi da adaka, ya tafi da baƙin ƙarfen a jikinsa, ya dawo ya fi da mugunta.

"Ɗan birni," in ji shi, "wanga nama ba ya jin magana guda. Samo min wadda ka magana sau biyu."

Na kai masa. Na nuna masa ja da turawa har hannunsa ya saba, muka sa ranar fita, na koma gida.

Ran da na dawo, da ƙyar na gane bindigata. Ya naɗe ta da fatar wutsiyar bijimi, ya ɗinke, kamar yadda suke yi wa adaka don kada ta tsage. Wannan bai dame ni ba. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne wuyan ƙotar, inda hannun dama yake kamawa, daidai bayan sakata. Nan ya sa ƙullin magani kamar ƙwan zabuwa, ya rufe da fata.

"Baba, mi ka yi mata haka?"

"Wando na yi mata. Kai ka kawo min ita tsirara kamar ɗiyar biri."

"Wandon na yarda. Wanga ƙulli fa? Nan sakata ka biyowa in an ja ta."

"Nan hannu ka kamawa, nan magani ka zama. Tun kakana haka. Nasara ya iya ƙarfe, amma wa ya gwada mai daji?"

Na karɓa na ja. Sakatar ta wuce, tana gogar fatar. Na ce a mai da ƙullin can gindin ƙota. Ya yi dariya ya ce magani ba jela ba ne. Na zaro wuƙata ta fiɗa, sai ƙanensa, wani ƙaƙƙarfan magidanci marar yawan magana, wanda shi ke riƙe masa mashi, ya damƙe wuyan hannuna.

"Malam, kai da sallarka, mu da namu. Mai da wuƙarka."

Na mayar. Tsohon ya sa harsashi ya tura sakata, ya kai bakinsa kusa da ita ya yi raɗa, muka kama hanya da hantsi, mu uku.

Ba mu kai gulbi ba hadari ya taso daga gabas. Muka raɓe gindin wata tsamiya, amma ruwan nan bai bar mana ko zare busasshe ba. Da ya ɗauke, na dubi bindigar. Fatar ta sha ruwa ta yi taushi, ƙullin ya kumbura. Na fi kowa sanin abin da ruwa yake yi wa fata, da shi nake ci.

"Baba, buɗe ta mu gani."

"An riga an faɗa ma harsashi sunan nama. Ba a fiddo shi."

"Ja kawai za ka yi ka mayar."

"Ɗan birni, in tsoro kake ji hau icce. Ga ƙanena nan ya ɗaga ka."

 Na taɓa aljihun 'yar shara ta, inda kullum nake ajiye harsashi ɗaya wanda mai saye bai san da shi ba.

Sawun ya kai mu wani tsohon ramin dabgi a gefen tudu. Gadu da baya yake shiga rami, fuskarsa tana kallon waje, don in ya fito ya fito da haure. Ƙanen ya zagaya ya hau bisa ramin. Tsohon ya tsaya gaba, ya ɗan karkace, ya durƙusa da gwiwa ɗaya. Ni ina bayansa kusa da wata sabara. Ƙanen ya fara dukan ƙasa da gindin mashi.

Ƙasa ta fashe. Ban ga fitowarsa ba, sai laka da ta watsu da wani abu baƙi a cikinta. Bindiga ta tashi. Harsashin ya same shi a kafaɗa, ya wuntsila, ya yi wani kuka kamar ana goga ƙarfe da zarto, jini yana tsartuwa. Sai ya miƙe da ƙafa uku.

Tsohon ya ɗaga sakata ya ja. Ta zo rabi ta tsaya. Ina ganin bakin kwanson ya leƙo, ya ƙi fita. Ya sake ja da ƙarfi, gindinta ya nutse cikin jiƙaƙƙen ƙullin nan. Ya buga ta a gwiwa. Bai sami bugu na biyu ba.

Gadun ya shiga tsakanin ƙafafunsa ya ɗaga kai. Na ji ƙarar kamar an yage sabon ƙyalle. Hauren ya buɗe cinyarsa tun daga gwiwa har matsematsi. Tsohon ya faɗi rigingine, naman ya hau shi yana tonon cikinsa, tsohon ya riƙe kunnuwansa da hannu biyu yana zaginsa, yana zagin uwarsa. Ƙanen ya diro ya caka masa mashi a baya. Gadun ya juya, sandar mashin ta karye, ya banke shi cikin ƙaya, ya komo kan tsohon.

Bindigar tana cikin laka. Na ɗauke ta, na zaro wuƙa na bi ɗinkin wuyan. Fatar tana santsi, wuƙar ta zame ta datse mini babban yatsa har ƙashi. Na sake yanka, ƙullin ya faɗi. Na ja sakata, kwanso ya yi tsalle. Na sa nawa harsashin, na tura, na matsa har bakin bindigar ya taɓa bayan kunnen gadun. Da ta tashi, ƙwaƙwalwa da gashi suka wanke mini fuska. Ya zube a kan tsohon, ƙafafunsa suna shure-shure.

Da ƙyar mu biyu muka mirgine shi. Na kwance rawanina na ɗaure cinyar, na sa sanda na murɗa. Cinyar ta ɗan tsaya, amma akwai wani rauni a mara wanda ɗauri ba ya kaiwa. Ƙanen ya cusa ganye, jinin ya turo ganyen.

"Ɗan birni, ina ƙullina?"

Na lalubo shi cikin laka na sa masa a hannu.

"Ka yanke."

"Na yanke, Baba."

Ya juya kai ya dubi gadun. "To. Ta dai yi ta biyun."

Muka sari rassa muka ɗora shi. Ba mu kai gonakin farko ba ya cika.

A ƙofar gida, mata suna kururuwa, ƙanen ya ajiye gawar, ya nuna ni ya ce, "Wanga ya yanke maganin." Da guntun sandar mashin ya fara. Ta farko ta zubar mini da haƙoran gaba, ta biyu ta karya mini ƙashin wuya. Samari suka taru da faretani. Ban rama ba, ban gudu ba, don wanda ya juya baya a irin wannan wuri ba ya kai bakin shinge. Yayarsu, wata tsohuwa, ita ta shiga tsakani ta kama rigar ƙanen.

"Tsaya. Kafin nama shi taɓa shi ya yanke, ko bayan?"

Ya daɗe yana huci. Sannan ya ce, "Bayan."

Suka bar ni na hau jakina. Ƙara ba ta yiwuwa, don in maganar ta kai bariki, da ni da su duk igiya ɗaya za ta ɗaure mu. A gida na ce jakin ne ya kayar da ni.

Da ƙashina ya ɗinke na tafi Tsibiri wurin maƙerin. Na sa ya riƙa kafa zoben tagulla a can gindin ƙotar kowace bindiga. In maharbi ya zo saye, tun bai tambaya ba nakan nuna masa in ce ga wurin magani nan, da shi ta zo. Ba wanda ya taɓa yi mini gardama, wasu ma don zoben suke zaɓen tawa.

Ƙanen ya gaji bindigar. Da kaka ya same ni a rumfata yana neman harsashi, ya zaro ta daga cikin tabarma. Na ga ƙullin ya koma wuyanta da sabon ɗinki. Na ce masa a bar ni in mai da shi gindi. Ya ce a nan yayansa ya sa shi. Na ce to ba ni da harsashi. Ya dubi bakina da ba haƙora, ya naɗe tabarmarsa ya fita.